Kujerun katakon ceri guda biyu na shekarun 1950: in saya ko in haƙura?

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin katako da tsofaffin kujeru ku taimaka mini da shawara kafin in tura kuɗi.

Na daɗe ina son irin kujerun nan masu hannu da aka yi yayinsu a Turai da Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda katakonsu ke a fili, kushin biyu kawai aka ɗora musu, ɗaya na zama ɗaya na jingina. Manyan kujerun da aka naɗe da yadi tun daga sama har ƙasa sun fita a raina. Suna cinye ɗaki, kuma in za a share ƙarƙashinsu sai an nemo mai taya ɗagawa. To yanzu na ci karo da wasu guda biyu a wajen wani dillalin tsofaffin kayan ɗaki da ke Jamus. Abin da ya rubuta shi ne katakon ceri ne zalla, an yi su tsakanin 1955 da 1965, kuma "ana kyautata zaton" aikin Denmak ne.

Ƙafafunsu sirara ne, suna tsukewa zuwa ƙasa, na bayan sun ɗan baje. Hannun yana da faɗi a gaba inda tafi ke sauka, sai ya tafi yana sirancewa har ya haɗu da majingina. Bayan kuwa sanduna ne a jere a tsaye, kuma wallahi ya fi gaban kyau, shi ya sa nake so in ajiye su a tsakiyar ɗaki, ba jikin bango ba.

Ga inda na tsaya. Launinsu ba ɗaya ba ne: ɗaya ja ce mai duhu sosai, ɗayar ta fi ta haske nesa ba kusa ba. Da na yi masa magana sai ya ce ba matsala, zai sa a goge su duka da sanfefa a sake musu folish su zama iri ɗaya, kuma ba zai ƙara ko sisi ba. Sannan babu tambari ko hatimin kamfani a hotunan da ya saka. A hannun mai duhun ina ganin wasu baƙaƙen ɗigo da 'yan gajerun layuka, ban sani ba ko ruɓa ce ta fara. Kuma shi da bakinsa ya ce hannun dama na ɗaya daga ciki yana ɗan motsi.

Yaya zan gane ceri ne na gaske daga hoto? In yarda da tayin gugar? Kuma maganar Denmak ɗin nan, tana da tushe ko dai ado ne na ciniki?

Tsohon Kafinta

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki rubuta masa yau ɗin nan ki ce kada ya kusanci kujerun nan da sanfefa. Ko kin saya ko ba ki saya ba, wannan tayin ɓarna ne.

Ceri itace ne da haske ke dafa launinsa. Ranar da aka yanka shi fari-fari yake da ɗan ja, sai ya yi ta duhu, da sauri a shekarar farko, daga baya a hankali, har ya kai jan nan mai zurfi da kike gani. Wannan launin a saman katako kawai yake, bai kai kaurin farce ba. Da zarar sanfefa ta hau, abin da shekara 60 ta tara ya tafi cikin minti goma. Daga nan mai gyara zai ɗauko rini ya shafa don ya mayar da jan, shi kuma ceri ba ya shan rini daidai, wani waje ya sha da yawa wani waje kaɗan, sai ki ga dabbare-dabbare. Ga kuma gefen hannun da aka sassaƙa da kaifi, guga na cinye shi ya koma kumbure. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Baƙaƙen ɗigon da suka ba ki tsoro, ni su suka fara kwantar mini da hankali. Ceri, musamman na Amurka wanda masana ke kira Prunus serotina, yana da 'yan aljihunan ƙaro a cikinsa, suna fitowa kamar an ɗiga baƙin tawada ko an ja gajeren layi da alƙalami, kuma suna bin tsawon katakon. Ruɓa ba ta yin haka, ita laushi take sa wa katako, kuma daga inda danshi ke kwanciya take farawa, wato ƙasan ƙafa, ba saman hannu ba.

Amma ɗigo kaɗai bai isa hujja ba. Ki ce ya fitar da su waje da rana, a inuwa, ya ɗauki hoto kusa-kusa ba tare da fitilar waya ba. Ga abin da za ki duba. Fuskar ceri a rufe take, sumul, ba ki ganin ƙofofi. In kin ga 'yan ramuka dogaye kamar an caccaka da allura, to tik ne ko oak, ba ceri ba. Wanda ake yawan yaudarar mutane da shi shi ne bic, wani farin katako, da aka rina ja, don shi ma fuskarsa a rufe take. Sai dai bic yana tona wa kansa asiri: jikinsa cike yake da 'yan gajerun ɗigo masu ruwan ƙasa, dubbai, a jere kamar yayyafi, kuma rini ba ya ɓoye su. Ki kuma ce ya nuna miki duk inda kujerar ta taɓa bugewa ta ɓantare. In cikin ɓantaren fari ne tas alhali waje ja ne, rini ne. Ceri ko a ciki yana da ɗan ja-ja.

Sai batun bambancin launi. Ya cire kushin ya ɗauki hoton inda kushin ke rufewa, da kuma ƙarƙashin hannun. Kin san yadda fatar hannu take a inda agogo ke zama, to haka ceri yake nuna inda haske bai kai ba. Abu uku ne zai iya faruwa. In ɓoyayyen wurin ya fi na fili haske, lafiya lau, haka ya kamata. In saman hannun mai hasken ya fi ƙarƙashinsa kodewa, to ta yi shekaru a bakin taga ne rana ta wuce dafawa ta koma cin launin. In kuwa ko'ina launinta ɗaya ne, sama da ƙasa, kuma gefunanta sun fi na 'yar'uwarta laushi, to an riga an taɓa goge ta. Kowanne daga ciki ba ya hana saye, amma ya kamata ki san wanne ne kafin ku yi ciniki.

Hannu mai motsi ba ya ba ni tsoro in tsohon gam ne ya saki. Yawancin kujerun wancan lokaci ko dai da 'yan turakun katako aka haɗa su, ko rami da harshe, kuma in gam ɗin fata ne, ɗumi da danshi suna narkar da shi, a zare, a kankare, a sake haɗawa. Abin gudu shi ne wanda wani ya riga ya "gyara": ya ɗura gam mai tsananin tauri irin na haɗi biyu, ko ya buga ƙusa ta gefe. Wannan ranar da ya sake saki, da naman katakon yake tafiya. Ki nemi hoton mahaɗar daga ƙasa, da bidiyo yana girgiza hannun a hankali, ki ga ko gaɓar ce ke buɗewa ko kuwa katakon ne ya tsage.

Mai Tara Tsofaffi

Baba ya gama magana a kan katako, ni kan Denmak zan tsaya, don nan ne kuɗin yake.

Hajiya, masu sayar da irin waɗannan kaya sun san sunan Denmak na ɗaga farashi, saboda a can ne manyan sunayen suke. Hans Wegner ya zana kujerarsa mai zagayayyen baya a 1949, Johannes Hansen ya ƙera ta, kuma a kanta 'yan takarar shugabancin Amurka, Kennedy da Nixon, suka zauna a muhawararsu ta talabijin a 1960. Finn Juhl ya yi tasa a 1945 tare da kafinta Niels Vodder. Tun daga nan duk kujerar da ke da siririyar ƙafa da hannun katako sai a jingina ta da can.

Amma ki lura da katakon da masana'antun Denmak suka fi aiki da shi a shekarun 1950 da 1960: tik, oak, bic, sai rozwud na Brazil a kaya masu tsada. Kamfanin France & Søn na Denmak da tik ya yi suna. Ba wai babu ceri sam ba ne, ana samu, har yau ma PP Møbler na yin kujerar Wegner ɗin nan da ceri. Sai dai in na ga kujerar hutawa ta ceri daga wancan zamani, babu tambari, kuma a Jamus take zaune, zuciyata Jamus take fara kawo mini, ko Ostiriya ko Italiya, don su ne suka yi aiki da cerin Turai sosai. Masana'antun Jamus sun yi kujeru masu yawa a salon Denmak saboda shi kasuwa ke so a lokacin, kuma wasunsu aikinsu ba ya da makusa. A Amurka kuma akwai George Nakashima a New Hope ta jihar Pennsylvania, wanda ya yi aiki da walnot da ceri, da kamfanin Willett na Louisville da ya shahara da ceri zalla, amma siffar da kika bayyana ba ta yi kama da nasu ba.

Ki ce ya kifa su duka biyun ya ɗauki ƙarƙashin firam ɗin zama, kowane ɓangare. Hatimin wuta ake nema, ko 'yar faranti ta ƙarfe, ko takarda da aka manna. Daga 1959 masana'antun Denmak da dama suna saka tambarin ƙungiyarsu ta tabbatar da inganci. Rashin tambari ba ya nufin jabu ce, takarda na faɗuwa, amma yana nufin ba shi da abin da zai dogara da shi. In ya ce aikin wane ne, ya kawo lambar samfurin ko shafin tsohon katalog. In babu, ki biya kuɗin kujerar ceri mai kyau wadda ba a san maƙerinta ba, kada ki biya kuɗin zato.

Ki duba sukurorin ma. Mai kan gicciye ba ya ƙaryata shekarun, tun shekarun 1930 ake yin sa. Amma mai kan tauraro sai 1967 aka ƙirƙiro shi, don haka in kin gan shi, ko dai an yi gyara daga baya ko shekarun da aka faɗa ba su ne ba. Wani abin kuma: akwai katakan da ake laƙaba wa sunan ceri a kasuwa alhali ba dangi ba ne, kamar jatoba na Brazil da makore na Afirka. Ki sa ya rubuta a takardar ciniki cewa ceri ne na Turai ko na Amurka.

Yayar Gida

Ƙanwata, ni fa ban ga dalilin cinikin biri a sama ba. Kujera abin zama ce, kuma ba ki zauna a kai ba. Irin waɗannan ƙasa-ƙasa suke, mazauninsu wajen santimita 40 daga ƙasa, wani bai ma kai ba, ga shi kuma ya karkata baya. Ina da guda ɗaya ta tik, ina son ta, amma mahaifiyata in ta zauna sai an miƙa mata hannu kafin ta tashi. Ki tambayi tsayin mazauni da zurfinsa da tsayin hannu, ki ɗauki tef ki gwada da kujerar da kike jin daɗinta a gida.

Maza sun yi ta maganar katako, ba wanda ya taɓa kushin, alhali nan kuɗi na biyu ke ɓuya. Sosan wancan zamani in na asali ne ya riga ya mutu, yana bushewa ya koma gari rawaya, kina ɗaga kushin yana zuba. Ƙarƙashinsa kuma yawanci bel-bel ne na roba irin na Pirelli, su ma suna taurarewa su tsattsage. Ke nan sabon soso, sabon bel, wataƙila sabon yadi, sau biyu. Ki haɗa wannan da kuɗin akwati da na jigila da inshora kafin ki ce kin samu da sauƙi. In za ki sa a yi sabon kushin, ki nemi soso mai jure wuta. A Ingila dokar 1988 ta wajabta haka ga kayan ɗaki, har da na hannu da ɗan kasuwa zai sayar in an yi su daga 1950 zuwa sama.

Kuma ceri ba shi da taurin da ake zato. A ma'aunin Janka, wanda ake gwada taurin katako da shi, yana kan 950, tik ya ɗara 1,000 kaɗan, farin oak kuwa ya haura 1,300. Sunanki ya nuna akwai yara a gidan. Hannun nan mai faɗi da ya burge ki, shi za a fara buga wa mota da cokali.

Abu ɗaya da zan yaba: ceri ba ya cikin katakan da yarjejeniyar CITES, wadda ke kare itatuwa da dabbobin da ke shirin ƙarewa, ta takura wa, ba kamar rozwud na Brazil ba da aka saka a jerinta na farko, mafi tsauri, tun 1992, wanda ketare iyaka da shi sai da takardu. Ta wannan gefen kin huta.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na hana shi gugar, kuma ya turo hotuna da bidiyo.

Baba, fuskar katakon a rufe take, babu yayyafin nan a hannu ko ƙafa ko sandunan baya. A ƙarƙashin hannun mai duhun akwai wani siririn layi fari-fari da ya bi gefe ɗaya daga farko har ƙarshe. Inda kushin ke rufewa ya fi waje haske a mai duhun, kamar yadda ka ce. Ita kuwa mai hasken launinta ɗaya ne ko'ina, kuma da ya jera hannayen biyu kusa da juna na ga gefen nata ya fi kwanciya. Ya amsa cewa wanda ya sayar masa ya taɓa gyara ta. Hannun da ke motsi a gaɓa yake buɗewa, ana hango turaku biyu a ciki, babu tsagewa, babu ƙusa.

Amma ga sabon abu. Katakan firam ɗin da bel ke ɗaure a jiki farare ne kuma suna da yayyafin, wato bic ke nan? Kuma a ɗaya daga cikinsu akwai 'yan ƙananan huji zagayayyu, na ƙirga takwas a hoton. Ya ce tsofaffi ne.

Malam Mai Tara, babu hatimi ko'ina, sai huji biyu na ƙananan ƙusoshi a katakon baya da wani wuri mai kusurwa huɗu da ya fi kewayensa haske, alamar an taɓa kafa faranti a wurin. Na ce masa tunda ba shi da hujjar Denmak ya cire ta daga lissafi, kuma ya rage.

Yaya, gaskiyarki, bel ɗin duk sun tsage, sosan ma gari ne. Na auna, mazaunin santimita 41 ne, ya yi daidai da wadda nake karatu a kanta. Yaran kuwa sun girma, ƙaramin ma ya shiga jami'a. Ina son kujerun nan har raina, hujin nan ne kawai ya tsayar da ni.

Tsohon Kafinta

Madalla 'yata. Farin layin nan gefen itacen ne, ɓangaren da ke kusa da ɓawo, shi ba ya ja kamar zuciyar. Kafinta mai hankali yakan juya shi ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kuma rini da ya rufe shi. Ceri ne. Bic a firam ɗin ciki kuma ba ha'inci ba ne, haka ake yi, ya fi ceri tauri da riƙe sukuru, kuma ba a ganinsa. Sai dai a gyara rubutun, kada a ce ceri zalla.

Hujin kam kada ki ɗauki maganarsa haka nan. Ƙwaron katako na Turai ne, hujinsa milimita 1 zuwa 2, kuma yana son bic da farin gefen itace. Hujin da kike gani ƙofar fita ce. Tsutsar tana yin shekara uku zuwa huɗu a ciki tana ci kafin ta zama ƙwaro ta fito, kuma da bazara zuwa lokacin zafinsu take fitowa, don haka rashin ganin gari da sanyi ba ya wanke kujera. Ya haska tocila a bakin hujin ya ɗauko miki: tsoho bakinsa ya yi duhu da datti, sabo fari ne mai kaifin baki. Ya shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa ya bubbuga katakon da bayan sukudireba, a ga ko farin gari zai zubo. Ya kuma danna bakin sukudireban a kusa da hujin, in ya nutse to cikin ya zama fanko, sai an canza wannan katakon, kuma tunda na ciki ne canza shi ba ya rage wa kujerar komai a ido.

Ko da tsofaffin ne, ni da zan sa a yi musu maganin zafi kafin a rufe akwati. Akwai masu ɗakin da ake ɗumama kayan katako zuwa wajen digiri 55 a ma'aunin Salsiyas ana riƙe danshin iska daidai don kada ya tsage, wannan yana kashe ƙwai da tsutsa gaba ɗaya. Ki sa wannan cikin sharaɗin ciniki, da takardar shaida. Hannun kuma a bar shi yadda yake, a naɗe shi da kyau, in sun iso kafintanki ya zare ya kankare tsohon gam ya sake haɗawa, a ɗaure da matsi kwana ɗaya. In aka haɗa a can, ba ki san abin da aka ɗura ba.

In sun zo kada ki yi gaggawar shafa musu komai. Tsumma mai ɗan danshi, ki bi da busasshe. Ki bar su mako biyu ko uku su saba da iskar ɗakin kafin a taɓa gam, nesa da na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa. Mai hasken ki ba ta wurin da ya fi samun hasken rana amma ba inda rana ke dukanta kai tsaye ba, kina juya ta lokaci-lokaci, kuma kada a bar littafi ko wani abu kwance a hannunta, don zai bar shatinsa. Za ta yi ta matsowa kusa da 'yar'uwarta a launi, ko da ba za ta kamo ta gaba ɗaya ba. Ki turo mana hoton hujin da na baƙar takardar in ya aiko, in duba miki kafin ki biya.